Dashen Murjani a Akwatin Gilashi: Ina Amfaninsa, Ina Iyakarsa?

Sa'ad da nake yaro, kakata tana da wata 'yar jakar fata da take ɓoyewa a bayan jeren tasoshinta. A ciki akwai tsakiya da murjani, waɗanda ta ce tun na aurenta ne. Na taɓa tambayarta daga ina ake samo murjani, sai ta ce mini dutse ne da fatake ke kawowa daga gabas. Ban ƙara waiwayar wannan magana ba sai bayan shekaru masu yawa, lokacin da neman ilmi ya kai ni ƙasar Turai. Wata rana wani ma'aikacin ɗakin bincikenmu ya gayyace ni gidansa, na tarar da wani babban akwatin gilashi cike da ruwan gishiri a falonsa, a ciki ga wasu abubuwa masu rassa kamar ƙahon barewa, wasu kore, wasu shuɗi, wasu ruwan hoda. Ina kallo ya sa filaya ya ɓalle reshe ɗaya wanda bai wuce gaɓar yatsa ba, ya manna shi da gam a kan wani ɗan dunƙulen siminti, ya mayar cikin ruwa. Ya ce in dawo bayan wata shida in ga ikon Allah. Na kuwa dawo, na tarar da reshen ya mamaye simintin ya fara fitar da rassa nasa.

Wannan sha'awa ta kiwon murjani a gida ta bazu ƙwarai a Amurka da Turai da Japan da wasu ƙasashen Asiya, har ana shirya taruka inda masu kiwo ke musayar gutsattsarin murjani kamar yadda manomanmu ke musayar iri. Masu yinta da dama suna faɗin cewa da wannan aiki nasu za a ceci murjanin teku daga halaka. Ra'ayina shi ne, aikin yana da amfani na haƙiƙa kuma ya cancanci yabo, amma wanda duk ya ɗauka shi ne maganin ciwon da ke damun teku, to, ya ruɗi kansa. Kafin in kawo hujjojina, ya kamata mu fara sanin halittar da muke magana a kai.

Mene ne murjani?

Murjani dabba ce, ko da yake ido yana ganinsa kamar tsiro, hannu kuma yana jinsa kamar dutse. Kowane reshe tarin dubban ƙananan dabbobi ne da masana ke kira folif. Folif ɗaya kamar 'yar jaka take, tana da baki ɗaya a sama wanda 'yan hannuwa masu harbi suka kewaye, da su take cafke ƙananan halittun da ruwa ya kawo. Kowace folif tana tsotso sinadarin kalsiyam da na kabonet daga ruwan teku, ta gina wa kanta mazauni mai tauri. Wannan mazauni sinadarinsa ɗaya ne da na alli da ɓawon ƙwai da kwanson katantanwa. In tsofaffi sun mutu sai na baya su yi gini a kansu, a haka a haka cikin dubban shekaru har a sami tudun murjani. Mafi girmansu shi ne wanda ke gabas maso arewacin Ostireliya, mai tsawon kimanin kilomita 2,300.

Abin da ya fi ban mamaki shi ne, a cikin naman wannan dabba akwai wasu ƙananan halittu dangin gansakuka, masu ƙwayar halitta guda ɗaya. Su ke amfani da hasken rana su haɗa abinci kamar yadda ganye ke yi, su ba murjani mafi yawan abin da yake rayuwa a kai, shi kuma ya ba su mafaka da taki. Zama ne na cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. Wannan ne ya sa murjani mai gina tudu ba ya rayuwa sai a ruwa mai ɗumi, garau, marar zurfi, inda haske ke ratsawa.

Shi kuwa jan murjani irin na kakata, wanda kuma sarakunan Bini suka shahara da ado da shi, wani dangi ne dabam. A Bahar Rum ake samunsa, cikin kogunan dutse da wurare masu duhu, ba shi da gansakuka a jikinsa, ba ya gina tudu, kuma girmansa na tafiyar hawainiya ne. Ba shi ne ake dasawa a gidaje ba.

Yadda ake dashen

Duk ɗan da ya tashi a gidan noma ya san ba a shuka rogo ko rake da ƙwaya. Kara ake sarewa a binne, ya tsiro. Dashen murjani haka yake. Tun da kowace folif tana iya tsaga kanta ta zama biyu, guntun da aka ɓalle zai ci gaba da girma muddin ya sami inda zai kafu. A teku ma igiyar ruwa takan karya rassa, wasunsu su maƙale a wani wuri su rayu. Mai kiwo yana kwaikwayon wannan ne kawai. Yakan yanke guntu mai tsawon santimita 2 zuwa 5 da filaya ko ƙaramin zarto, ya tsoma shi cikin ruwan magani don kashe ƙwari, ya manna shi a kan ɗan dutse, sa'an nan ya ajiye shi inda haske bai yi tsanani ba har raunin ya warke. Murjani mai rassa, irin wanda ake kira Acropora, yakan ƙara santimita 10 ko fiye a shekara idan wuri ya karɓe shi. Masu kama da curin dutse kuwa, da ƙyar suke ƙara santimita 1.

Yankan shi ne mai sauƙi. Wahalar tana wajen riƙe ruwan a hali ɗaya dare da rana. Dole gishiri ya tsaya a kimanin giram 35 cikin kowace lita. Dole zafin ruwa ya tsaya tsakanin digiri 24 da 27 a ma'aunin Salshiyas. Kalsiyam kuma ana son ya kasance tsakanin miligiram 400 da 450 a lita, kuma tun da murjani kullum cinye shi yake yi wajen gini, sai an riƙa aunawa ana ƙarawa. Ga fitilu masu ƙarfi da za su maye gurbin rana, ga injin da zai riƙa kaɗa ruwa a madadin igiyar teku. Har ila yau, idan ruwa ya tashi a tururi gishirinsa ba ya binsa, saboda haka da tataccen ruwan daɗi ake cike gurbin, in ba haka ba gishiri ya yi yawa ya kashe kome.

Dalilan da suka sa nake yaba wa aikin

Dalili na farko shi ne ilmi. Shekaru hamsin da suka wuce, yawancin masana sun ɗauka ba shi yiwuwa a raya murjani mai rassa a cikin akwati na tsawon lokaci. Masu sha'awa ne a gidajensu, ba manyan jami'o'i ba, suka yi ta gwaji suna faɗuwa suna tashi har aka gane hanya. A shekarun 1980 wani mutumin Balin ta Jamus mai suna Dietrich Stüber ya raya Acropora a akwatinsa har ta yi girma ya riƙa rabawa, kuma zuriyar wannan reshe ta yaɗu a akwatunan ƙasashe da dama. Dabarun sarrafa haske da ruwa da waɗannan mutane suka goge a kai, su ne daga baya masu bincike suka ɗora a kansu. A shekarar 2013, a gidan tarihi na Horniman da ke Landan, Jamie Craggs da abokan aikinsa suka sa murjani ya saki ƙwai cikin akwati a lokacin da suka tsara, ta hanyar kwaikwayon zafin yanayi da tsawon yini da hasken wata na mahaifarsa. A 2019 kuma gidan kifaye na Fulorida ya yi irin wannan nasara da wani murjani na Tekun Atilantika mai kama da ginshiƙi, wanda ke dab da ƙarewa. A can Fulorida ɗin dai, wani masani, David Vaughan, ya lura cewa idan aka yanka murjani mai jinkirin girma ƙanana ƙanana, gutsattsarin sukan yi saurin girma ninkin ba ninkin, sa'an nan su haɗe su koma abu guda.

Dalili na biyu shi ne rage ɓarna. A da, kusan duk murjanin da ke kasuwa daga teku ake fasa shi da guduma da kurfi, galibi a Indonisiya da Fiji da makamantansu, kuma da yawa yakan mutu a hanya. Yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda Nijeriya ke cikinta, ta sa duk murjani mai tauri cikin jerin halittun da ba a ƙetare iyaka da su sai da takardar izini. Indonisiya ma ta dakatar da fitar da shi a 2018, ta sake buɗe ƙofa a 2020 ga wanda aka noma. Duk guntun da mai kiwo ya samu daga akwatin maƙwabcinsa, guntu ne da ba a fasa daga teku ba. Bugu da ƙari, wanda aka haifa a akwati ya saba da zaman akwati, ya fi na teku jurewa.

Dalili na uku shi ne ajiya. Tun daga 2014 wata cuta mai zagwanyar da naman murjani ta ɓulla a gaɓar Fulorida, ta bazu zuwa Tekun Karibiyan. Da abin ya yi tsanani, sai aka kwashe lafiyayyun murjani daga wuraren da cutar ba ta kai ba, aka rarraba su ga gidajen kifaye a sassan Amurka don a adana irinsu. Wannan daidai yake da manomin da ya ware damin iri ya rataye a rumbu. Ba don an riga an ƙware a kiwon akwati ba, da babu rumbun da za a kai su.

Inda nake ja da baya

To, amma fa a nan yabona ya tsaya. Babban abin da ke kashe murjani a yau shi ne ɗumamar ruwan teku. Idan zafin ruwa ya haura abin da aka saba gani a lokacin bazara da digiri 1 kacal, ya kuma daɗe makonni a haka, sai zaman amanar nan ya lalace, murjani ya kori gansakukar da ke ciyar da shi. Launinsa sai ya koɗe ya koma fari fat, in zafin bai sauka da wuri ba yunwa ta kashe shi. An ga irin wannan koɗewa a faɗin duniya a 1998, da 2010, da 2014 zuwa 2017, sa'an nan wadda ta fara a 2023, wadda zafinta ya shafi fiye da kashi 80 cikin 100 na tuddan murjanin duniya. Tsakanin 2009 da 2018 kaɗai an yi asarar kimanin kashi 14 cikin 100 na murjanin duniya. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi hasashe a 2018 cewa idan zafin duniya ya ƙaru da digiri 1.5 a kan na kafin zamanin masana'antu, za a rasa kashi 70 zuwa 90 cikin 100, idan kuwa ya kai digiri 2, abin da zai saura bai kai kashi 1 ba. Daɗin daɗawa, teku na shanye kimanin rubu'in iskar kabon da muke fitarwa, wannan kuma na ƙara wa ruwan tsami, ya sa ginin alli ya ƙara wuya.

Yanzu mai karatu ya auna da kansa. Faɗin tuddan murjani na duniya ya haura murabba'in kilomita 250,000. Wani nazari da aka buga a 2020, wanda ya duba ɗaruruwan ayyukan dashen murjani a teku, ya gano cewa matsakaicin aiki bai wuce murabba'in mita 100 ba, watau bai kai filin gida ɗaya ba. Kuma ko wanda aka dasa ɗin, ruwan da ya kashe iyayensa shi zai tarar. A watan Yuli na 2023 ruwan gaɓar Fulorida ya yi zafin da ba a saba gani ba, har ma'aikata suka riƙa tsamo murjani daga gandayen renon da ke teku suna gudu da shi zuwa tankunan tudu. Da aka koma duba murjani mai rassa da aka daɗe ana dasawa a can, wanda aka tarar da rai bai kai rubu'i ba. Aikin shekara da shekaru ya tafi cikin 'yan makonni.

Akwai kuma wata matsala da ɗalibin ilmin halittu ya kamata ya hango. Guntun da aka yanka daga uwa ɗaya duk abu guda ne ta fuskar ƙwayoyin gado, ko da sun kai dubu. Cutar da ta iya kashe ɗaya za ta iya kashe duka. Haka ta faru ga ayabar Gros Michel, wadda ita ma dasa ta ake yi, lokacin da cutar Fanama ta share gonakinta a Amurka ta Tsakiya a shekarun 1950. Masu kiwon gida kuwa kyan launi suke bi, ba ƙarfin jure zafi ko cuta ba. Galibinsu ma ba su san daga wane teku kakan murjaninsu ya fito ba. Saboda haka murjanin falo ba ya komawa teku, kuma bai kamata a mayar da shi ba. Tarihi ya riga ya yi mana gargaɗi. Wata ciyawar ruwa ta ado mai suna Caulerpa taxifolia, wadda aka fara gani a gaɓar Monako a 1984, ta mamaye wurare masu faɗi a Bahar Rum. Kifin nan mai ƙayoyi masu dafi da ake kira kifin zaki, ɗan asalin tekunan Indiya da Fasifik, an fara ganinsa a gaɓar Fulorida a 1985, ana kuma kyautata zaton daga akwatunan gida aka sake shi. Daga nan ya watsu a Karibiyan yana cinye ƙananan kifaye.

Kada kuma a manta da lafiyar mai kiwon kansa. Wasu nau'o'in murjani masu taushi, dangin Palythoa, suna ɗauke da dafi mai tsanani, kuma an sha kwantar da mutane a asibiti bayan sun goge duwatsun akwati da ruwan zafi sun shaƙi tururin. Abu na ƙarshe, akwatin nan wutar lantarki yake sha ba dare ba rana. Idan da gawayin ƙasa ko gas aka samar da wutar, to, mai akwatin yana raya murjani tafin hannu guda a falo, yana kuma ƙara wa wutar da ke dafa na teku itace.

Mai yiwuwa wani ya ce, ai da babu gara ba daɗi. Na yarda. Abin da nake tsoro shi ne ba daɗin ya sa mutane su saki jiki, su ɗauka an gama, gwamnatoci kuma su fake da hotunan dashe su ƙi taɓa batun rage hayaƙi da hana zuba ƙazanta a teku da kamun kifi ba ƙa'ida. Iri a rumbu ba ya amfani sai akwai gonar da za a mayar da shi.

Mu kuma ina ruwanmu?

Ɗalibi a Kano ko Damagaram zai iya cewa, mu da ko teku ba mu taɓa gani ba, me ya haɗa mu da wannan zance? Gaskiya ne ko a gaɓar Nijeriya babu manyan tuddan murjani, domin kogin Kwara da sauran koguna suna kwararo ruwan daɗi da laka waɗanda murjani ba ya so. Amma dangantakarmu da shi ta girmi jakar kakata. Kakanninmu da suka tafi aikin Hajji a ƙasa, da yawansu ta Sawakin suka bi suka ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda, kuma tsofaffin gine-ginen waɗannan garuruwa biyu da dutsen murjani aka yi su. A gaɓar Sudan, inda 'yan'uwanmu Hausawa suke zaune har yau, akwai tuddan Sanganeb da Dungonab waɗanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2016. Kai, a nan gida ma, dutsen da ake haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato ana yin siminti, a ƙarƙashin teku ya taru kimanin shekaru miliyan 55 zuwa 60 da suka wuce, kuma ana tsintar burbushin halittun teku a cikinsa, har da murjani.

Fiye da wannan duka, ɗumamar da ke koɗar da murjani ita ce dai ke ƙara mana zafin bazara, take kuma rikita mana lissafin damina. Tuddan murjani ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kimanin rubu'in nau'o'in halittun teku sun dogara da su, haka ma miliyoyin masunta talakawa irin namu. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Shawara ga malamai da ɗalibai

Ba na ba kowace makaranta tamu shawarar ta kafa akwatin murjani. Kuɗinsa ya fi ƙarfinmu, kuma a inda ake ɗauke wuta yini guda, ga zafin watan Afrilu, ruwan zai ɗumame, iskar shaƙa ta ƙare a cikinsa, kome ya mutu kafin a buɗe ɗakin gwaji da safe. Kashe halitta a banza ba koyarwa ba ce. Amma darussan da ke cikin akwatin duk muna iya koyar da su da abin da ke hannunmu.

Da farko, ga haidira, 'yar ƙaramar dabbar nan da ke cikin manhajar sakandare, wadda ɗalibai ke zanawa a jarrabawa ba tare da sun taɓa ganinta ba. 'Yar'uwar murjani ce ta jini, a ruwan daɗi take zaune. Malam ya ɗebo ciyawar ruwa daga kududdufi mai tsabta, ya zuba a kwalba mai faɗin baki, ya ajiye kusa da taga. In an yi dace, bayan kwana ɗaya ko biyu za a ga haidira maƙale a jikin gilashi, ana iya kallonta da madubin hannu mai ƙara girma. Tana fitar da 'ya'ya daga gefen jikinta, kuma tun a 1744 Abraham Trembley, mutumin Janeba, ya wallafa cewa in an yanka ta gunduwa gunduwa kowane yanki zai zama cikakkiyar dabba. Akwai ma koriyar haidira wadda ke ɗauke da gansakuka a jikinta, tamkar murjani.

Na biyu, a jefa ɓawon ƙwai cikin ruwan lemun tsami, wani kuma cikin ruwan sha, ɗalibai su rubuta abin da suka gani kullum. Tsamin teku bai kai ko kusa da na lemo ba, sai malam ya bayyana haka, amma za su ga yadda tsami ke cin alli. Na uku, a narka giram 35 na gishiri a lita ɗaya ta ruwa, a zuba a faranti, a bar shi a iskar hunturu, su lissafa yadda ƙarfin gishirin ke hawa yayin da ruwan ke raguwa. Na huɗu, a dasa karan rogo daga uwa ɗaya a kunya guda, a shuka masara a kunya ta biyu, a tambaye su wace kunya ce cuta ɗaya za ta fi saurin sharewa, kuma don me.

Ɗalibin da ya yi waɗannan da hannunsa ya fahimci murjani fiye da attajirin da ya sayi akwati don ado, domin gani ya kori ji. Ina fata daga cikin masu karanta wannan mujalla a sami waɗanda za su zurfafa a ilmin halittun ruwa, ko a tafkin Chadi ne, ko a Kainji, ko a Bahar Maliya. Masu dashen murjani sun nuna wa duniya cewa mai haƙuri da lura da rubuta abin da ya gani yana iya gano abin da ya gagari manya. Wannan hali shi ya kamata mu ɗauka daga wurinsu. Ceton murjanin teku kuwa yana wuyan duniya baki ɗaya, kuma ba zai samu ba sai an rage hayaƙin da ke ɗumama ruwan da yake ciki.